Ɗan aiken da ke cikin dutsen Baba

Baba bai cika yin tambaya ba. In ya zauna ƙarƙashin aduwar ƙofar gidanmu, sai dai ya saurara, ya gyaɗa kai, ya kurɓi shayinsa. Shi ya sa ranar da ya jefo mini tambayar nan, washegarin babbar salla, sai da na ajiye kwanon da ke hannuna. Rediyo na ta maganar uraniyom, wa zai saya, wa ya ci riba. Ya rage muryar rediyon ya ce, "Uwata, ke da kike karatun harshe a Yamai, faɗa mini da Hausa. Mi ke cikin dutsen nan? Shekara talatin ina haƙarsa. Dutse ne kamar kowane dutse, ko ɗumi ba ya yi a hannu. Ina wutar take ɓoye?"

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana Uwata. Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Tanut da Belbeji, a tsakiyar Damargu, ƙasar da tun zamanin ayari take ciyar da Abzin da gero. A 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, geron ya ƙi. Baba yana da shekara ashirin. Ya hau bayan kamyo a Tanut, ya bi ta Aderbissinat zuwa Agadas, daga can ya wuce Arlit, inda aka fara fitar da uraniyom tun 1971. Can ya yi ƙuruciyarsa, can ya yi furfura. Ya san sunan kowane kayan aiki da Faransanci, ya san dokokin wanka da sauya tufafi, ya san ɗan abin awon da ake maƙala musu a ƙirji. Dalilin abin ne dai bai taɓa jin sa da harshen da yake mafarki da shi ba.

Na ce, "Baba, ai ƙarfin nukiliya ne."

Ya dube ni ya ce, "Suna kika ba ni. In na tambaye ki mi ke sa gero tsiro, kika ce noma ne, kin amsa ke nan?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Shekara uku ina nazarin harshe, na iya rarrabe karin sautin Damagaram da na Kano, na iya zana bishiyar jimla, amma tsohona ya tambaye ni abin da ya ci rayuwarsa na kasa haɗa jimla biyu. Kuma a shekarar 2025 aka rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Mun yi ta murna a sashenmu, har da guɗa. To in harshen ƙasa ne, ya kamata ya iya faɗin abin da ke cikin dutsen ƙasar.

Da na koma Jami'ar Abdou Moumouni, wadda sunan masanin fizik ɗan Tasawa take ɗauke da shi, sai na tare abokiyar ɗakina, ƴar Maraɗi, mai karatun fizik. Muka ƙulla sharaɗi: ita za ta yi mini bayani da Faransanci, ni in mayar da Hausa. Duk kalmar aro da na furta na kasa warware ta, ni zan sayi ƙosan safe. Na sayi ƙosai da yawa. Ga abin da na samo.

Komai na duniya, dutse ko ruwa ko ƙashi, an gina shi da ƴan mitsi-mitsin da ake kira atam. A tsakiyar kowane atam akwai wani dunƙule da Faransanci ke kira da sunan ƙwallon ɗan itace, don haka ni ma na ce ƙwallo, kamar ƙwallon aduwa. Ƙanƙantarsa ta wuce misali: in ƙwallon ya kai ƙwayar gero, atam ɗin zai kai filin wasan ƙwallon ƙafa, amma kusan duk nauyin yana cikin ƙwayar nan. Cikin ƙwallon akwai mazauna iri biyu, furoton da nutoron. Furoton yana ɗauke da cajin lantarki mai alamar ƙari, irin wadda ke kan batir. Nutoron ba ruwansa da caji. Kuma caji iri ɗaya ba sa jituwa, tunkuɗe juna suke yi, kamar maganaɗisu biyu da aka haɗa ta fuska ɗaya.

Nan fa ake yin ta. Uraniyom yana da furoton 92, duk a cunkushe wuri guda, kowa yana tunkuɗe kowa. Ya kamata a ce tun ranar farko sun watse. Mi ke riƙe da su? Abokiyata ta ce tambayar Baba ke nan, an juya ta baya: kafin ka san inda wutar take, sai ka san abin da ya ɗaure ta.

A 1935 wani malamin jami'a a Osaka ta ƙasar Japan, Hideki Yukawa, yana ɗan shekara 28, ya buga amsarsa. Ya ce furoton da nutoron ba manne su aka yi da ƙaro ba. Wani abu ne ke kai da kawowa tsakaninsu, wannan ya saki, wancan ya karɓa, babu tsayawa, kuma kai da kawon nan shi ne riƙon. Ba a taɓa ganin abin ba, amma ya lissafa nauyinsa da alƙalami. Yadda ya yi kuwa, ɗan Damargu zai gane da sauri, don maganar bashi ce. Furoton ba shi da rarar ƙarfin da zai ƙera ɗan aike, sai dai ya ara, kuma dokar wannan ƙaramar duniya ita ce: gwargwadon girman aro, gwargwadon saurin biya. Ɗan aike mai nauyi babban aro ne, saboda haka ba ya nisa sai a maido shi. Ɗan aiken lantarki, wato ƙwayar haske, ba shi da nauyi ko kaɗan, shi ya sa tunkuɗar caji take kaiwa nesa. Riƙon ƙwallo kuwa an auna an ga ba ya wuce femtomita biyu. A raba milimita gida miliyan, a ɗauki ɗaya a sake raba shi gida miliyan, femtomita ke nan. Daga wannan tazara Yukawa ya ce nauyin ɗan aiken zai ninka na ilaktoron kamar sau 200. Ya fi ilaktoron nauyi, bai kai furoton ba, don furoton ya ninka ilaktoron sau 1,836. Yana tsakiya.

Nan ne ɗalibar harshe ta farka a cikina. Turawa suka ɗauko kalmar Girkanci mai ma'anar tsakiya suka raɗa masa "meson". Japanawa suna ce masa "chukanshi", wanda in aka fassara shi gaɓa-gaɓa zai ba da ɗan tsakani. Na yi tsalle a kan katifa. Ashe su ma daga kalmomin gida suka ɗebo. Ba wani harshe da aka haifa da fizik a bakinsa.

Samun abin ya ɗauki shekara goma sha biyu, har da ɓatan kai a hanya. A 1936 da 1937 Carl Anderson da Seth Neddermeyer a Amurka suka ga wata ƙwaya mai nauyin da ya yi daidai da lissafin, aka yi zaton an gama. Daga baya aka lura wannan ƙwayar ratsa ƙwallon atam take yi ko sallama babu. Ɗan aiken da ba ya shiga gida ai ba ɗan aike ba ne. Ita ce ake kira muwon yanzu. Sai a 1947, a Jami'ar Bristol ta Ingila, Cecil Powell da Giuseppe Occhialini da César Lattes suka kai faifan hoto mai kauri kan duwatsu, Pic du Midi a Faransa da Chacaltaya a Bolibiya, suka bar su ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin sama su ratsa su. Kowace ƙwaya mai caji tana barin ɗan layi a jikin faifan. Mata ne aka ɗauka aikin duba faifan da madubin ƙara girma, kuma ɗaya daga cikinsu, Marietta Kurz, ita ta fara ganin wani layi da ya tsaya, wani daban ya tashi daga inda ya tsaya. Layin farko shi ne ɗan aiken Yukawa, na biyun muwon ne da ya haifa kafin ya mutu. Lattes ɗan Barazil ne, sa'ana ne a lokacin, bai wuce 23 ba. Yukawa ya karɓi kyautar Nobel a 1949, Bajapane na farko, shekara huɗu bayan Hiroshima. Powell ya karɓa a 1950.

Aka lanƙaya wa ɗan aiken harafin Girkanci "pi", aka taƙaita sunan ya zama "pion". Duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan zai yi dariya, don da Faransanci kalma mai wannan rubutu tana nufin ɗan dara, tana kuma nufin mai tsaron ɗalibai da muke gudu a kwaleji. Waccan asalinta sojan ƙasa ne, mai tafiya da ƙafa, ba dangin wannan ba ce, kama ce kawai. Bakin Bahaushe zai mayar da ita fiyon, kuma haka zan riƙa rubutawa.

Fiyon iri uku ne: mai cajin ƙari, mai cajin ragi, da marar caji, wanda aka tabbatar a 1950. Mai cajin ya ninka ilaktoron sau 273, ka ga lissafin Yukawa bai yi nisa da gaskiya ba. In ya fita fili shi kaɗai, rayuwarsa nanosakan 26 ce, lokacin da haske kansa mita takwas kawai yake ci, kamar daga zaurenmu zuwa rumbu. Abin da ya fi burge ni shi ne: in furoton ya saki fiyon mai ƙari, sai ya koma nutoron, nutoron da ya karɓa ya zama furoton. Mu a aji mun san irin wannan. Cikin zance, "ni" da "kai" ba na kowa ba ne. Mai magana shi ne ni, da ya yi shiru ɗayan ya karɓa, sai ya koma kai. Da na faɗa wa abokiyata haka, ta ce ba laifi, yau ita za ta sayi ƙosai.

Cikin Satumba na kama hanya, mota daga Yamai zuwa Damagaram, wata zuwa Tanut, sannan bayan babur. Gero ya fitar da kai, ana korar tsuntsu. Bayan isha na shimfiɗa tabarma kusa da Baba na fara. Na yi masa atam, na yi ƙwallo, na yi bashi da ɗan aike mai gajeriyar ƙafa. Yana ta cewa "to", "ina ji". Sai na zo kan dutsensa.

Na ce, "Baba, kun ga, tunkuɗa tana da dogon hannu. Kowane furoton a cikin uraniyom, sauran 91 duk suna tunkuɗe shi, na kusa da na nesa. Riƙo kuwa hannunsa gajere ne, maƙwabtan jikinka kawai ke riƙe ka. In ƙwallo ƙarami ne, kowa maƙwabcin kowa ne, babu matsala. In ya girma, tunkuɗa na ƙaruwa fiye da riƙo. Shi ya sa ake cusa nutoron da yawa a tsakani, masu riƙo ba tunkuɗa: 146 a uraniyom 238, 143 a uraniyom 235. Duk da haka, sama da darma mai furoton 82, babu ƙwallon da ke zaune daram."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gandun kakanki ke nan. Muna goma, tukunya ɗaya. Da muka kai arba'in, na wannan kusurwa bai san abin da na waccan ya ci ba, amma kowa yana jin haushin kowa. Ranar da aka raba gonar ba wani babban abu ne ya faru ba. Akuya ce ta shiga waken wani."

Na ce to akuyar ita ce nutoron guda. In ya faɗa cikin ƙwallon uraniyom 235, sai ƙwallon ya yi tangal-tangal, ya miƙe kamar ƙullun fura da aka ja, tsakiyarsa ta sirance. Da ɓangarorin biyu sun yi nisan da ɗan aike ba ya iya kaiwa, shi ke nan, tunkuɗa ta samu fili, su watse da gudun tsiya, su bugi abin da ke kewaye, wurin ya yi zafi. Su kuma saki nutoron biyu ko uku, waɗanda za su faɗa wasu gidajen. Otto Hahn da Fritz Strassmann ne suka ga alamar haka a Jamus a ƙarshen 1938, Lise Meitner da Otto Frisch suka bayyana ma'anarsa. Giram ɗaya na uraniyom 235 in ya tsage duka, zafinsa ya kusa na gawayin ƙasa tan uku.

"Tan uku!" Ya yi dariya har da tari. "Mu kuwa wutar da muke aiki da ita a Arlit, da gawayin Cirozerin ake yin ta." Haka ne kuwa, tashar SONICHAR ce ke ba ma'adinan wuta.

Ya sake tambaya mi ya sa dutsen ba ya ɗumi. Na ce saboda mai tsagewar kaɗan ne, bakwai cikin dubu na uraniyom ɗin, shi kansa uraniyom ɗin ɗan kaɗan ne cikin dutsen. Sai an tace an tara kafin wuta ta kama. Amma ko ba a taɓa shi ba yana zubar da ƴan gutsattsari a hankali, a hankalin da sai shekara biliyan huɗu da rabi rabin uraniyom 238 yake ƙarewa. Cikin jikokin da yake haifarwa a hanya akwai wata iska, radon, ba launi ba wari, wadda in ta taru a rami tana cutar da huhu.

Nan ya ajiye kofin shayi. Ya ce, "Ashe fankokin nan ba don zafi ba ne kaɗai." Ya jima bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Can ya ce da ya san haka da bakin uwarsa, da akwai ranakun da bai cire abin rufe hancinsa ba don gumi. Ban san abin da zan amsa ba, sai na ƙara masa shayi.

Ƴan uwa, ga inda na kusa zamewa. Da na ga misalin gandu ya shige shi, sai baki ya yi mini daɗi, na fara jawo karin magana, wai ai shi ya sa aka ce zumunta a ƙafa take, fiyon ma ziyara yake kaiwa. Na so in mayar da fizik wa'azi. Abokiyata ta riga ta gargaɗe ni a kan haka. Fiyon ba ya son kowa, ba shi da niyya, kuma "jifa da cafewa" hoto ne muke yi wa lissafi don kanmu ya ɗauka. Ko aikin riƙon ma ba shi kaɗai ke yi ba. Shi ne mai nisan zango, daga femtomita ɗaya da ƴan kai zuwa sama. In aka matso kusa, fiyon biyu-biyu ne ke aiki tare. In furoton biyu suka matsu ƙwarai, ƙasa da femtomita ɗaya, riƙon juyewa yake ya zama tunkuɗa mai tsanani, kuma nan sai an kawo wasu ƴan tsakani masu nauyi cikin lissafin. Tun daga 1964, lokacin da Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo maganar kwak, aka fara gane cewa furoton da nutoron kowanne kwak uku ne, fiyon kuwa kwak ɗaya ne da kishiyarsa. Ainihin ƙarfin yana can ciki tsakanin kwak, abin da ke riƙe ƙwallo rararsa ce da ta tsiyayo waje. Na faɗa wa Baba wannan ma, ko da yake ya ɓata mini karin maganar. Ya ce, "Gara haka. In misali ya yi daidai ta ko'ina, ƙarya ce a ciki."

Wannan ya sa na sauya ra'ayi kan sunan. Da farko na so mu kori fiyon mu ce ɗan aike kawai, don Hausa zalla. Yanzu ina ganin kalmar gida tana zuwa da kayanta: ɗan aike yana da mai aikensa, yana da saƙo, yana iya cin amana. Ɗalibi zai ɗauka duk wannan yana cikin ƙwallon atam. Shawarata ga masu tsara kalmomi, da mu masu shirin zama su: a bar fiyon ya zama suna, don ba ya ɗauke da komai sai abin da aka auna, a bar ɗan tsakani ga dangin meson baki ɗaya, a riƙa amfani da ɗan aike wurin bayani, tare da faɗin inda misalin ya tsaya. Kuma kafin a buga kalma a littafi, a gwada ta kan wanda ya yi aikin da hannunsa. Baba ya gyara mini abu biyu a daren nan da babu malamin da ya gyara mini.

Dare ya yi nisa, taurari sun cika sama yadda ba a ganinsu a Yamai. Ya tambaye ni ko sai an je dutsen Bolibiya ake samun fiyon ɗin. Na ce a'a, yanzu haka ana yin su a samanmu. Ƙwayoyi masu gudu daga sararin sama suna karo da iska kamar kilomita 15 daga ƙasa, karon ya haifi fiyon, fiyon ya mutu ya bar muwon, muwon ya iso har nan. Kusan guda ɗaya ke ratsa tafin hannun mutum kowane sakan.

Ya buɗe hannunsa, wanda kanta ta cinye, ya riƙe shi a sama yana kallo. Ya ce, "Ba na jin komai."

Na ce, "Ni ma haka, Baba."

"To ki rubuta," in ji shi. "Akwai mu da yawa a Tanut da Gangara da Tarka da muka dawo daga can. Ki rubuta yadda ɗan wani zai karanta wa ubansa. Kuma ki sa maganar fankar nan a ciki."

Ga shi na sa.